Mai Moussa, Makiyayin Ɓeraye na Saint-Fons

Mai Moussa ɗan Damagaram ne, daga unguwar Birni, kuma duk wanda ya san shi a Lyon zai shaide shi da abu biyu: tsabta da kunya. Tsabtar gado ce daga uwarsa, matar da ke sake wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Kunyar kuwa a Faransa ya same ta, don bai zo da ita daga gida ba.

Da tallafin karatu ya sauka a Villeurbanne, gefen Lyon, ya karanta ilimin halittu a babbar jami'ar nan da taragon cikin gari mai lamba T1 ke ratsawa, ya fito da takardar master mai hatimi. Tun kafin tawadar ta bushe mutanen Birni suka naɗa masa sarautar Dokter. Shi kuwa Dokter yana nan yana yawon neman aiki, daga wannan ɗakin bincike zuwa wancan. Ko'ina ya je a yi masa murmushin nan nasu da ke farawa a leɓe ya ƙare a leɓe, a ce za a kira shi. To, har yau ana nan ana shirin kiransa. Izinin zamansa ya kama hanyar ƙarewa, takalminsa ya fara shan ruwa, sai wani abokinsa ɗan Tawa mai suna Sufyan ya ce masa ana neman mutum a Saint-Fons, can cikin masana'antu, kuma aiki ne na dindindin, wanda suke kira CDI.

"Aikin me?" in ji Mai Moussa.

Sufyan ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ce, "Kai dai je ka gani."

Ya je ya gani. Ɓeraye ne. Ka ji ni da kyau, ɓeraye, kusa in ji mutanen Tawa, farare ƙal masu jajayen idanu, cikin akwatunan roba jere tun daga ƙasa har rufi. A ƙasar nan akwai mutanen da Allah ya ba lafiya da albashi da ɗaki a saman bene, suka duba duk halittun Ubangiji suka rasa abin ajiyewa a falo sai mesa. Mesa kuwa ba ta cin burodi. Saboda haka dole wani ya yi kiwon abin da za ta ci, kuma wannan wanin, a gefen Lyon, wata mata ce mai suna Madame Perrachon, gajeriya mai tabarau, wadda ke kiran ɓerayenta "mes bébés", wato jariranta.

In da ranka ka sha kallo. Ɗakin ɓerayen nan yana da na'urar ɗumi da ba ta taɓa mutuwa, alhali Mai Moussa da riga biyu yake kwana a ɗakinsa cikin hunturu. Abincinsu a aune yake, ruwansu a tace. Likitan dabbobi na zuwa duba lafiyarsu ba tare da sun bi layi ba. Akwai ma rediyo da ke musu kiɗa a hankali, wai kada hankalinsu ya tashi. Sai sun yi ƙiba sun yi sheƙi, sannan a sa su barci da iskar gas, a daskarar da su, a jera su cikin leda daidai girmansu, ƙanana don ƙananan macizai, manya don manya, a aika har Paris da Marseille. Mai Moussa ya taɓa zuwa wurin wani malami ya ce wai wani abokinsa ne ke wannan aiki, ko mene ne hukuncinsa? Malam ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce a ba shi lokaci, bai taɓa cin karo da wannan babin ba.

Abin haushi, Mai Moussa ya iya aikin. Da ido kawai yake gane uwar da ta kusa haihuwa da wadda za ta cinye ƴaƴanta. A hannunsa mace-mace suka ragu, haihuwa ta ƙaru, har Madame Perrachon ta damƙa masa makullin gidan gaba ɗaya. Amma ko Sufyan ba ya yarda ya ambaci aikin a gaban mutane. In an kira daga Damagaram aka ce, "Dokter, ya aiki?" sai ya ce, "Laboratuwar na nan, mun gode Allah," wai ɗakin bincike yake nufi, ya yi maza ya koma tambayar damina.

Abu ɗaya ne ya ƙi rufa masa asiri: wari. Wanda ya taɓa buɗe tsohon rumbu ya san shi, to ka ninka shi sau dubu ka rufe tagogi. Yana shiga zaren riga, ya shiga gashi, ya zauna a bayan kunne. Mai Moussa ya yi wanka da safe, ya yi a wurin aiki, ya yi in ya dawo, har fatarsa ta fara tsagewa, amma a cikin tarago kujerar da ke kusa da shi kullum babu kowa a kanta.

Ana cikin haka ya ga Mounira, a wani taron suna a Paris. Tana aikin kula da tsofaffi, tana da dariya mai fitowa daga ciki, kuma da ta miƙa masa kofin kunun gyaɗa ba ta ja da baya ba. Ya so ta, so na gaske, irin wanda ke hana mutum cin abinci. Ubanta shi ne Alhaji Hudu, mutumin Maradi, wanda ya tsufa yana tuƙa motar jakadu a Paris har ya yi ritaya, dattijo mai farar hula da maganar da ba a maimaitawa. Mai Moussa ya tabbatar wa kansa cewa ranar da Alhaji Hudu ya ji kalmar ɓera, ranar maganar auren za ta mutu. Wane uba ne zai tashi a masallaci ya ce ya ba makiyayin kusa ƴarsa?

Mai riƙe da maganar auren ita ce Gwaggo Amatullahi, ƙanwar ubansa, mai shago a Château Rouge inda take sayar da atamfa da kilishi da turaren wuta. Wata Asabar ya hau jirgin ƙasa zuwa Paris, ya shiga metro na huɗu, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya fito cikin hayaniyar masu kifi da masu kitso, ya durƙusa a gabanta. Sun gaisa, an tambayi gida da gajiya da sanyi, sai Gwaggo ta tsaya cak tana buɗe hanci.

"Mai Moussa, wane abu ne ya mutu a jakarka?"

"Babu komai, Gwaggo. Produits ne na wurin aiki. Kin san Saint-Fons, duk sinadarai ne."

"Sinadarai! To wallahi sinadaran nan naku da kusu suke kama." Ta toshe hanci da gefen mayafi. "Ka saurare ni. Alhaji Hudu zai yi bincike, kamar yadda kowane uban kirki ke yi. Ya ce ba ya aiken kowa, da ƙafarsa zai je Lyon Asabar mai zuwa, ya gan ka a bakin aikinka. Ni da yarinyar za mu raka shi. Na gaya masa kai babban dokter ne a laboratuwar. Kada ka kunyata ni da wannan ɗoyin."

A bakin aikinsa! Mai Moussa ya yi saurin lissafi a zuci: ginin ba shi da allo a waje, babu taga ta gefen titi, baƙo kuma ba ya shiga saboda dokar tsabta. In ya tare su a ƙofa cikin kaya masu kyau ya wuce da su gidan abinci, shi ke nan. Warin ne kawai zai tona shi.

Gwaggo ta sunkuya ƙarƙashin tebur ta fito da wata kwalbar turare da ba ta sayarwa, haɗin Diffa na amare, baƙi ƙirin, yana naso. Ta haɗa masa da ƙaramin kasko na ƙasa da ƙullin gawayi.

"Wannan ba fesa-fesan Turawa ba ne da iska ke kwashewa. Ka hura garwashi ya yi ja, ka zuba da hannu sake, ka rataye kayanka a kai, ka rufe ƙofa, ka toshe duk wata kafa, ka yi tafiyarka. Turare ba ya son a tsaya masa a kai. Kuma ba rana ɗaya ba, sai ya zauna a jikin tufa."

Ya so ya yi a ɗakinsa na Villeurbanne, amma maƙwabciyarsa irin mutanen nan ce da ke kiran ƴan kwana-kwana in an soya albasa. Ban da haka, me amfanin turara riga a gida, a zo a rataye ta a wurin aiki ta sake shan wari? Sai ya yanke shawarar yin abin a ɗakin canza kaya na ma'aikata. Ranar Laraba da yamma, da kowa ya tashi, ya hau kujera ya sa wa na'urar jin hayaƙi safar hannu ta roba, ya hura gawayi kaɗan, ya gwada. Kai, Gwaggo ta san sana'arta! Ɗakin ya koma kamar ɗakin amarya a Birni, har ƙwalla ta zo masa don tunawa da gida.

Washegari ɓeraye suka tashi da atishawa. Wasu sun ƙi abinci, wasu sun takure a lungu gashinsu a tsaye, hancinsu ya yi ja. Madame Perrachon ta rikice ta kira likitan dabbobi, ya zo ya duba, ya ce wataƙila mura ce, ya ba da magani a zuba a ruwa. Mai Moussa da hannunsa ya zuba maganin, yana tausaya musu da zuciya ɗaya. Mutum mai master a ilimin halittu fa! Amma so ya toshe masa kai, ko sau ɗaya bai ɗaga ido ya tambayi kansa ina ramin iskar nan na saman ɗakin canza kaya ke kai iskarsa ba. Ɗakin ɓeraye yake kai ta, kai tsaye.

Ranar Juma'a da yamma ya ce yau ce ta ƙarshe, a yi ta ta ƙare. Ya rataye shaddarsa ruwan toka da hula da safa har da singileti. Ya cika kasko da garwashi, ya juye abin da ya rage a kwalbar duka, ya toshe ƙasan ƙofa da tawul kamar yadda Gwaggo ta ce, ya kashe fitila, ya kulle, ya yi tafiyarsa yana ƴar waƙa.

Da ya buɗe ƙofa ranar Asabar da safe, abin da ya fara ji shi ne shiru. Kullum gidan nan cike yake da ƙaraf-ƙaraf da tsuwa, yau sai kiɗan rediyo kaɗai. Hayaƙi na nan kwance a saman ɗaki, ƙamshi kuwa har yana sa jiri. Ya ja akwati na farko: a miƙe. Na biyu, a miƙe. Uwaye da jarirai, manya da matasa, wasu sun riga sun sandare, wasu suna ta buɗe baki suna neman iska. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya buɗe duk ƙofofi, ya riƙa kinkimo akwatuna yana fitarwa tsakar gida, yana yi musu fifita da kwali kamar mai hura wuta. Kaɗan ne suka farfaɗo. A firgicen nan ko kaskon bai tuna da shi ba.

Madame Perrachon na isowa ta ƙwalla ƙara da aka ji har masana'antar da ke maƙwabtaka. Nan take ta hau kiran waya, kuma a ƙasar nan in aka ce dubban ɓeraye sun mutu lokaci ɗaya, babu mai jiran ƙarin bayani. Kafin hantsi ga ƴan kwana-kwana, ga jami'an lafiyar dabbobi, ga ƴan sanda sun ɗaure titi da jan kirtani. Ana ta raɗa kalmar annoba. Aka sa wa duk wanda ke ciki fararen kaya daga kai har ƙafa da abin rufe fuska, aka ce babu mai fita. Wayar ofis kuwa ba ta huta ba. Wani bawan Allah daga Grenoble yana kuka wiwi, wai mesarsa Josiane ta saba cin abinci ranar Lahadi, in aka saɓa mata tana fushi.

Ni dai abin da ya ɗaure mini kai shi ne wannan: ɓerayen nan fa da yawansu ranar Litinin za a kashe su. An riga an buga musu leda. Laifinsu kawai sun mutu ba ranar da aka tsara ba, kuma ba ta hanyar da doka ta amince ba. Sai ga manyan mutane masu digiri sun durƙusa suna buɗe bakin mushen ɓera da ɗan ƙarfe, suna haska tocila, don a san takamaiman abin da ya kashe shi. Mai Moussa ya tsaya yana kallo, ya tuna ubansa da ya kwanta da ciwon ciki a Birni aka ce kwana ne ya ƙare, aka binne shi kafin la'asar. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

A daidai wannan lokaci tasi ta tsaya a bakin jan kirtani. Alhaji Hudu ya fito da sandarsa, Mounira na biye, sai Gwaggo cikin leshi mai walƙiya da ɗaurin kai kamar za ta biki. Suka ga motoci masu fitila, suka ga mutane cikin fararen kaya suna kai da kawowa, suka ga ɗaya daga ciki, dogo, ya daskare yana kallonsu.

"Ga shi can!" in ji Gwaggo, ta dafa ƙirji. "Alhaji, ka gani da idonka? Ba na gaya maka ba? Dubi kayan jikinsa! Dubi yadda ƴan sanda ke gadinsa! Dokter Mai Moussa, ɗan yayana!" Saura kaɗan ta rangaɗa guɗa.

Na ɗan lokaci Mai Moussa ya ga kamar Allah ya rufa masa asiri ta inda bai zata ba. Har ya ɗaga hannu ya gaishe su da irin ɗagawar manya. Sai ga shugaban ƴan kwana-kwana ya fito daga ɗakin canza kaya, ya cire abin rufe fuskarsa, yana riƙe da wani abu cikin leda a sama. Ya ce da ƙarfi babu wata annoba, a kwance kirtani. Hayaƙin gawayi ne ya bi ramin iska. Sannan ya tambaya, wannan tukunyar ta wa ce?

"A'a! Kaskona!" in ji Gwaggo da Faransancinta na kasuwa. "Nawa ne, monsieur, ni na ba ɗana. Haɗin Diffa ne, babu irinsa a duk Paris. Kun ji ƙamshin ko?"

Sun ji. Kowa ya ji. Kuma a lokacin ne aka turo keken farko daga ciki, shaƙe da buhunan leda masu haske, wutsiyoyi na leƙowa ta ko'ina, suna tashin ƙamshin amare. Gwaggo ta dubi keken, ta dubi Mai Moussa, ta sake duban keken. Bakinta ya buɗe, amma a karon farko tun da aka san ta a Château Rouge babu abin da ya fito.

Madame Perrachon kuwa nata bakin ya fito da komai. Ta zo har gaban Mai Moussa, ta kira shi makashin jariranta, ta ce shekara da shekaru tana gina gidan nan ya rushe shi da tukunyar ƙasa. Ta miƙa hannu ta ce makulli. Ya zaro ya ba ta. Ta ce kada ta sake ganin ƙafarsa, sauran bayani zai same shi a gida.

Ya cire fararen kayan a hankali, ya tako zuwa bakin titi, ya durƙusa a gaban Alhaji Hudu a kan kwalta. Ya so ƙasa ta tsage.

"Baba, ina wuni. Kun zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ya aiki?" in ji Alhaji Hudu, don gaisuwa gaisuwa ce, ba a tsallake ta.

Mounira ce ta dubi Mai Moussa ta yi magana cikin haushi. "Ni da nake wanke tsofaffin da ƴaƴansu suka gudu suka bari, ni za ka ɓoye wa wari? Ka ɗauka ban ji shi ba tun ranar sunan nan?"

Alhaji Hudu ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. Ya jingina da sandarsa ya dubi saurayin.

"Yaro, mu nawa ne a ƙasar nan da har wani zai ɓoye wa wani sana'arsa? Tun watan jiya na san kiwon kusa kake yi. Waya ɗaya na buga Lyon. Ni da kake gani, na wanke karen matar wani babba da sabulu mai tsada, na goge shi da tawul, da wannan hannun da na je Makka da shi. Da haka na ciyar da gidana. Da aka ce mini kai ne mai riƙe da makulli, aikinka kuma na dindindin ne, sai na ce alhamdu lillahi, ƴata ta samu mai ciyar da ita. Na zo yau ne in ga wurin da idona, in ce maka ka turo magabatanka."

Gwaggo ta zauna daɓas a gefen titi, leshi da komai.

"To ga shi na zo," in ji Alhaji Hudu, ya nuna keken da sandarsa. "Abin da zan ba ka ƴata dominsa, ga shi can cikin leda. Makiyayin kusa na yarda in ba shi. Marar aiki kuwa ba zan ba shi ba, ko da Dokter ne."

Hawaye suka zubo wa Mai Moussa, bai ko share ba. Alhaji Hudu ya juya ya buɗe wa ƴarsa ƙofar tasi, ta shiga tana waiwaye. Ya sa ƙafa ɗaya ciki, sannan ya tsaya, ya yi magana a hankali, ba da izgili ba.

"In ka samu waɗansu kusan, ka kira ni."

Motar ta ja ta bar shi durƙushe a bakin titi, ana turo keke na biyu.